Tura abinci ƙasar waje: gidan waya, manyan kamfanoni ko 'yan kargo, ga yadda na same su

Tambayar da ake yawan yi min ita ce wai wanne yafi wajen turawa ɗan uwa ko ɗalibi abinci a ƙasar waje, gidan waya ne ko manyan kamfanonin nan masu jiragensu irin su DHL da FedEx da UPS, ko kuwa 'yan kargo masu tara kayan jama'a su tura a dunƙule. Duka ukun nayi hulɗa dasu, to bari in faɗi abinda na gani, amma tun kafin muyi nisa a riƙe wannan, kuɗin da kake biya a kanta na ɗaukar kaya ne kawai. Shigar da kayan cikin ƙasar mutane ba a hannun kamfani yake ba, yana hannun kwastan da jami'an lafiyar dabbobi da tsirrai na can inda zai sauka, su kuwa ba ruwansu da nawa ka biya ko wanda yace maka ai kullum yana wucewa. Don haka ni ma'aunin da nake auna mai wannan sana'a dashi ba saurinsa bane, yawan tambayoyin da yake min ne kafin ya karɓi kwalin.

Bari in fara da gidan waya tunda shi aka fi rainawa. Ni indai busasshen abu ne wanda zai iya wata biyu a kwali bai canza ba, shayi ne ko biskit ko alewa ko kayan ƙamshi da aka niƙa aka rufe daga masana'anta, to can nake nufa. Na farko akwai sauƙin kuɗi, na biyu tsarinsu kusan iri ɗaya ne a duk duniya saboda duk suna ƙarƙashin ƙungiyar gidajen waya ta duniya wato UPU, wadda aka kafa tun 1874 a birnin Bern na Suwizalan, yau ƙasashe 192 ne a cikinta. Shi yasa fom ɗin kwastan da za a miƙo maka shine dai wanda ake miƙawa mutumin Japan ko na Brazil, ƙaramin CN22 na ɗan ƙunshi mara nauyi mara tsada, babban CN23 na kwali mai nauyi ko mai daraja. Lambar bibiyar da zasu baka ma a tsare take, haruffa biyu a farko, lambobi tara a tsakiya, sai haruffa biyu na ƙasar da kayan ya taso. In ta fara da E to EMS ne, wato mai saurinsu, in da C ne kwali ne na yau da kullum, R kuma na rajista. Abinda mutane da yawa basu sani ba shine lambar nan tana aiki a shafin gidan wayar ƙasar da kayan zai sauka, kuma da zarar ya sauka labarin can yafi sabunta, sai kaga mutum ya zauna yana ta duba shafin ƙasarsa yana cewa kaya ya ɓace alhali yana can ajiye ana jiran mai karɓa yazo ya biya ɗan haraji.

Aibinsu kuwa kowa ya sani, jinkiri, sannan bibiyar kan yi shiru na tsawon lokaci kamar an haɗiye kwalin, in ka je tambaya a ce ai ya bar hannunmu, na can kuma su ce bai iso ba, don gidajen waya biyu ne ke riƙe da kayanka kuma babu wanda zaka kama kai tsaye. In kai mai gajen haƙuri ne wannan kaɗai zai iya sa maka hawan jini.

Amma a gidan waya naga abinda ya ƙara min ganin girmansu. Wata baiwar Allah ce a gabana a layi, da gani uwa ce mai turawa ɗanta da ke karatu, ta cika kwali tam ta naɗe shi da salatef ko ina har ba a ganin kalar kwalin, ma'aikaciyar kanta tace Hajiya sai fa an buɗe, aka ɗan yi ja-in-ja sannan aka sa reza. Ta riƙa ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya tana juya bayan leda tana karanta ƙananan rubutun nan na abubuwan da aka haɗa, har ta iso kan taliyar leda, ta nuna mata da farce inda aka rubuta akwai garin naman kaza a ɗan ƙunshin sinadarin da ke ciki, ta ware su gefe tare da gwangwanin garin madara. Hajiya tace haba 'yata, taliya ce fa ba nama ba, ita kuma tace Hajiya ni in na karɓa ban yi asarar komai ba, ke ce zaki yi, su can ba taliyar suke dubawa ba rubutun suke dubawa. Ran Hajiya ya ɓaci sosai, amma ni nasan ranar an yi mata aikin da yafi kuɗinta.

Nama da madara sune tushen kusan duk wata rigima a harkar nan, kuma ba wulaƙanci bane ko ƙyamar abincin wasu, tsoron cutar dabbobi ne kuma tsoron nasu yanada tarihi. A 2001 cutar baki da kofato ta ɓarke a Birtaniya, sai da aka kashe dabbobi sama da miliyan 6 kafin a shawo kanta, kuma binciken ya tafi ne akan cewa ta faro daga wata gonar aladu a arewacin Ingila inda aka ciyar dasu ragowar abincin da ba a dafa ba, ana zargin akwai naman da aka shigo dashi ta ɓarauniyar hanya a ciki. Zazzaɓin aladu na Afirka shima haka, ya shiga ƙasar Jojiya a 2007, ana kyautata zaton ta sharar abincin jiragen ruwa, daga nan ya bazu Rasha da gabashin Turai, a 2018 ya isa Sin yayi ɓarna ba kaɗan ba. Ƙwayar cutar nan tana iya watanni a cikin busasshen nama ko wanda aka yiwa gishiri ko hayaƙi, don haka hujjar da muke yawan kawowa wai ai a bushe yake ƙarau, a wajensu ba hujja bace ko kaɗan. Tarayyar Turai ta hana mutum ya turowa mutum nama ko madara ko abinda aka yi dasu daga wajen tarayyar, ko da kyauta ne ko da ɗan kaɗan ne, cuku da man shanu duk suna ciki. Abinda suka sassauta shine kifin da aka gyara ko aka busar har kilo 20, zuma har kilo 2, madarar jarirai ta gari mai sunan kamfani da ba a buɗe ba har kilo 2, sai irin su biskit da cakulan da alewa da basa buƙatar firij, waɗannan yawanci suna wucewa duk da akwai ɗan madara a haɗinsu. Birtaniya ma dama ta hana daga yawancin ƙasashe, a Afrilun 2025 kuma ta ƙara da hana mutum shigo da naman shanu da tumaki da awaki da alade da kayan madara daga ita kanta Tarayyar Turai, maƙwabtanta kenan fa, balle kai. Japan ta ƙara tsananta hukuncin shigo da nama ba takardar shaida a 2020, kuma kayan da ke zuwa ta gidan waya ma suna ciki. Amurka kuwa har dunƙulen miya da garin miya mai ɗauke da nama tana iya ƙwacewa, ya danganta da ƙasar da ya fito da cututtukan da aka sani a can.

Bayan nama sai duk wani abu da in aka jefa a ƙasa zai iya tsirowa ko zai iya ɓoye ƙwaro. Ɗanyen 'ya'yan itace da ganye da iri, wannan kam kar ma ka ɓata kuɗinka. Tun Disambar 2019 Tarayyar Turai take neman takardar shaidar lafiyar tsirrai akan kusan kowane ɗanyen abu, guda biyar kawai ta cire, abarba da kwakwa da ayaba da dabino da wani mai wari da ake kira durian. Wanda yafi ba mutane mamaki shine shinkafa, wa zai ce shinkafa haramtacciya ce, amma akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaron hatsi mai suna khapra wanda zai iya watanni ba ci ba sha yana laɓe a lungun buhu, in ya shiga rumbun ƙasa fitar dashi aiki ne, shi yasa tun 2011 Amurka ta hana a turo shinkafar amfanin kai daga ƙasashen da aka san yana nan, Ostireliya kuma a 2020 ta hana turo shinkafa da wake da gyaɗa da busasshen barkono da wasu 'ya'yan kayan ƙamshi da ba a sarrafa ba ta gidan waya. Ostireliya da Niyu Zilan dama su ne ƙarshe wajen tsanani, tsibirai ne da basu da yawancin cututtukan da sauran duniya ke fama dasu kuma basa son a kawo musu, a cibiyoyin tace wasiƙunsu akwai na'urar haska kaya da karnuka masu sansana, Niyu Zilan ko zuma bata yarda a turo mata ba saboda cutar ƙudan zuma. Abun kirki da suka yi shine sun sa komai a intanet, Ostireliya nada shafi mai suna BICON, Kanada ma nada nata mai suna AIRS, ka rubuta sunan abincin da ƙasar da zai taso su faɗa maka ko ya halatta da sharuɗɗansa. Minti goma zaka yi a kai, kuma yafi duk wata fatawar da za a baka a WhatsApp.

Akwai kuma hane-hanen da ba zaka taɓa hasashe da hankalinka ba sai an faɗa maka. Ƙwan cakulan ɗin nan na Kinder Surprise mai ɗan abin wasa a ciki, haramun ne shigar dashi Amurka saboda wata doka ta 1938 da ta hana a cusa abinda ba a ci a cikin alewa. Singafo ta hana shigo da cingam tun 1992. 'Ya'yan poppy da ake barbaɗawa akan burodi a Turai, a Daular Larabawa da Saudiyya cikin kayan maye ake lissafa su, kuma wannan ba maganar ƙwace kaya bace kawai, tana iya zama maganar 'yan sanda ga mai karɓa. Duk abinda ke da alade ko giya a haɗinsa zuwa Saudiyya, wannan ba sai an faɗa ba.

To yanzu manyan kamfanoni. Gaskiya wajen sauri da bibiya ba a haɗa su da kowa, cikin 'yan kwanaki kaya ya isa, kana gani a wayarka duk inda ya kwana, kuma kamfani ɗaya ne ke riƙe dashi daga hannunka har ƙofar mai karɓa, in an samu matsala akwai wanda zaka kira. Su suke da ma'aikatansu na fito da kaya daga kwastan, shi yasa suke da tsananin takarda, wasu rassan ma sam basa karɓar abincin gida daga ɗaiɗaikun mutane sai na masana'anta mai lebul. Indai abin da zaka tura yana da ƙurarren lokaci, ko zafi zai iya lalata shi, ko na biki ne da ke da rana, to nan ne wajen zuwa, ka runtse ido ka biya.

Saidai abu biyu nake so a sani don su ke sa mutane fita daga ofishinsu suna zagi. Na farko ba nauyin sikeli kaɗai suke caja ba, suna auna girman kwalin ma, tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita a raba da 5000, duk wanda yafi yawa tsakanin wannan da na sikeli shi zaka biya. Misali kwali mai santimita 40 ta kowane ɓangare ya tashi kilo 12.8 kenan a lissafinsu, ko da abinda ke ciki kwanfilas ne da cincin ɗin leda da basu wuce kilo 4 ba, kaga ka biya kuɗin jirgi wa iska. Ba cuta bace, wuri ne kwalin ya cinye a cikin jirgi, amma in baka sani ba zaka ɗauka an yi maka wayo. Maganinsa ka nemi kwalin da ya yi daidai da kayan, in yayi tsayi ka yanke shi ka naɗe. Na biyu shine cajin da ke jiran mai karɓa, kamfani zai biya harajin kwastan a madadinsa sannan ya ɗora nasa ladan na wannan hidima, wani lokacin ladan yafi harajin kansa, sai ɗalibin da ka turawa don ka sauƙaƙa masa ya kira ka yana cewa an ce sai ya biya kafin a bashi. Ka tambaye su a kanta ko akwai tsarin da kai mai turawa zaka ɗauki harajin, suna kiransa DDP, in akwai kuma kana da hali ka zaɓe shi.

Harajin nan kowace ƙasa da iyakarta akan kyauta tsakanin mutum da mutum. Tarayyar Turai yuro 45, Birtaniya fam 39, Kanada dalarta 60, Amurka dala 100, in darajar kayan ta wuce haka sai a caja. A da mutane suna fakewa da wasu sassaucin, Turai tana ƙyale kayan saye da bai kai yuro 22 ba, ta soke a Yulin 2021, Amurka tana ƙyale wanda bai wuce dala 800 ba, ita ma ta soke a ƙarshen Agustan 2025, har sai da gidajen wayar ƙasashe da dama suka dakatar da karɓar kaya zuwa can na wani lokaci don basu san yadda zasu karɓi harajin ba. Wannan ya isa ya nuna maka cewa abinda maƙwabcinka ya tura bara lafiya ƙalau ba lallai dokarsa ce ta bana ba. Amurka kuma tanada wani ƙarin, tun dokar 2002 da aka yi bayan harin 11 ga Satumba, hukumar abinci da magunguna ta FDA tana son a sanar da ita kafin abinci ya iso, ana yi a intanet a samu lamba a rubuta a takardar kayan. Abincin da mutum ya yi da hannunsa a gidansa ya turawa wani kyauta baya cikin wannan sharaɗi, na kanti kuwa ko kyauta ne kamfanoni da yawa sai sun nemi lambar, don haka ka tambaya tun kafin ka ɗauko kwali.

Sai 'yan kargo, nan ne nake da magana. Su suka fi kowa araha akan kilo, su suka fi kowa fara'a, kuma su ne zaka kawowa komai suce kawo kawai Alhaji mun san hanya. Akwai na kirki a cikinsu masu rajista da ke buɗe kowane kaya a gabanka su ce wannan baya tafiya, in ka samu irinsu ka riƙe su da kyau, don kaya mai yawa babu kamarsu. Amma tsarin nasu kansa yanada haɗari, kayan mutum hamsin ne ake haɗawa ƙarƙashin takarda ɗaya, in mutum ɗaya ya ɓoye nama a cikin tufafi kare ya sansano to gaba ɗaya ake tsarewa, naka mai tsabta ya zauna a sito tare da na mai laifi. Haka wani ya taɓa min, kaya ya daɗe a tsare akan laifin wanda ban ma sani ba, kullum in na kira sai ace sati mai zuwa in sha Allah, da ya isa kuma biskit da shayin duk sun sha ƙamshin sabulu da turaren wasu da aka jibga a kansu, ba su ciwuwa, da nayi maganar diyya sai aka nuna min rasit ɗin da ko tambarin kamfani babu. Araha dai bata ado. In zaka bi ta wajensu ka nemi lambar takardar jirgi, ka tambayi wa zai fito da kayan a can kuma a ina za a karɓa, kuma duk wanda bai buɗe kwalinka ba ka tabbata bai buɗe na sauran ba, ɗauki kayanka ka ƙara gaba.

Maganar cike fom, kar ka rubuta abinci kawai ko kyauta kawai, wannan gayyatar a buɗe kwali ce. Yanzu bayanan kaya ta kwamfuta suke riga kwalin isa, Turai tun 2021 take karɓarsu kafin ma a loda a jirgi, kuma bayani mara kan gado shi ke sa a ware kaya gefe. Rubuta kowane abu da sunansa da Turanci ko harshen ƙasar, nawa ne, nauyinsa, kuɗinsa na gaskiya. In fom ɗin ya nemi lambar HS, wato lambar da kwastan na duniya suka ba kowane irin kaya, ba abin tsoro bane, shayi yana farawa da 0902, kofi 0901, zuma 0409, cakulan 1806, biskit 1905, cikakkiyar mai lamba shida kuma tana nan a shafin kwastan. Masu rage kuɗin kaya a fom don gudun haraji, jami'an nan kullum kaya suke gani sun san farashi, kuma in kwalin ya ɓace akan abinda ka rubuta za a yi maka lissafi. Wanda yafi muni shine ka ɓoye haramtaccen abu ka rubuta tufafi, don in ka faɗi gaskiya abu bai halatta ba yawanci ƙwacewa kawai za a yi, in ƙarya ka yi kuwa sunan ɗan uwanka da adireshinsa ne a jikin kwalin, shi yake can a hannunsu, wataƙila ma da takardar zama da yake lallaɓawa. Lambar wayarsa da imel ɗinsa kuma dole su kasance a kai, kwali da yawa a sito suke tsufa don an rasa yadda za a samu mai shi.

Ɗaurin kaya kuwa, ka ɗauka za a jefa shi daga mota, za a ɗora masa wasu kwalaye masu nauyi, zai kwana a rana a filin jirgi sannan ya shiga sanyi. Kwali sabo mai bango biyu, ba wanda aka taɓa zuba 'ya'yan itace ko ƙwai ko nama ba, Ostireliya kan kwalin kaɗai zata iya tsare kaya, haka ciyawa ko ƙaiƙayi ko garin katako a matsayin abin cike gurbi, duk basa so. Takarda ko ledar nan mai ƙurajen iska ta isa, kamar santimita 5 ta kowane gefe, in ka girgiza kaji motsi to da sauran aiki. Komai ka barshi a ledarsa ta asali mai lebul da ranar eksfaya, kuma ranar ta kasance da nisa. Cire abu daga fakitinsa don rage nauyi dabara ce mai tsada, musamman gari, farin gari a farar leda ba suna ba komai, kai ma in kaine jami'in me zaka yi tunani. Ruwa-ruwa irin su zuma ko mai ko miyar kwalba, a cikin jirgi matsin iska yana raguwa kamar ka hau dutse mai tsayin mita 2000, shi yasa ledar cincin take kumbura murfin kwalba kuma yake tsiyaya, don haka a naɗe murfin da salatef a sa a leda mai zif biyu, roba kuma tafi gilashi, wasu gidajen wayar ma basa karɓar ruwa zuwa waje gaba ɗaya. Masu ƙamshi kamar kayan yaji da kofi a ware su daban a rufe ruf, in ba haka ba duk kwalin ɗanɗano ɗaya zai koma. Cakulan yana fara laushi tun wajen digiri 30, in ya narke ya sake daskarewa zaka ga yayi fari-fari a sama, ba lalacewa yayi ba amma ba kyan gani, a bari sai lokacin sanyi.

Na gida da aka toya ko aka gasa, a bari ya huce sarai kafin a rufe, ɗan ɗumin da ya rage shi ke zama zufa a cikin leda, zufa kuma ta zama fumfuna kafin a isa. Injin nan mai zuƙe iska daga leda yanada amfani ga busasshen abu, amma ba firij bane, abu mai danshi in aka zuƙe masa iska aka barshi a ɗumi to an shirya wa ƙwayar botulizim wurin zama ne, ita inda babu iska take yaɗuwa, kuma gubarta tana kisa ba tare da abincin yayi wari ba. Masu tunanin sa busasshiyar ƙanƙara, wato dry ice, don sanyaya kaya, tana cikin jerin kaya masu haɗari a jirgi, gidan waya ba zai karɓa maka ita don abinci ba, manyan kamfanoni kuma sai da lebul na musamman da yarjejeniya. Gwangwanin feshi irin na man girki da ruwan ƙamshin kek mai yawan sinadarin da ke kama wuta suma haka. A tura farkon sati don kar kaya ya kwana biyu a sito ranakun hutu, Disamba kuma a guje ta in da hali, lokacin kowa na turawa.

Inshora da suke tallatawa a kanta, karanta sharuɗɗan kafin ka ƙara kuɗi, mafi yawansu sun cire abinci mai lalacewa, kuma kusan babu mai biyanka akan abinda kwastan suka ƙwace, ɓacewar kwali ko fashewarsa a hannunsu kawai suke ɗauka, shima sai ka kawo rasit ɗin saye, don haka ka ɗauki hoton kayan a jere kafin rufewa da hoton kwalin akan sikeli. In kuma an tsare, yawanci mai karɓa zai ga kwalin ya iso an sake naɗe shi da salatef mai tambarin hukuma da takarda a ciki mai faɗin abinda aka cire, ko kuma a aiko masa da wasiƙa a bashi zaɓi, a lalata, ko a maido maka akan kuɗinka, wani lokacin a Ostireliya a yi wa kayan magani da zafi ko haske shima akan kuɗinsa. Wasiƙar tana da wa'adi, ya amsa da wuri, don a wajen manyan kamfanoni kuɗin ajiya yana fara hawa bayan 'yan kwanaki, kuma in abinda aka tsare bai kai kuɗin maidowa ba, to gara ya sa hannu a lalata shi a sako masa sauran.